Jiran Kirsimeti a Birnin Masana'antu na Biyu na Riyadh

A kudu maso gabashin Riyadh, a kan hanyar da ta nufi Al-Kharj, akwai wani yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 19 da ake kira Birnin Masana'antu na Biyu, wanda aka kafa a 1976, kuma a yau yana ƙarƙashin kulawar MODON, hukumar da gwamnatin Saudiyya ta ɗora wa alhakin biranen masana'antu tun 2001. Ɗaruruwan masana'antu ne ke aiki a cikinsa, daga masu sarrafa abinci da robobi zuwa masu ƙera ƙarfe da haɗa sinadarai, kuma babban kaso na masu tsayawa a bakin injina baƙi ne da suka zo bisa kwangila. Ƙidayar 2022 ta nuna cewa daga cikin mutum miliyan 32.2 da ke zaune a ƙasar, miliyan 13.4 ba 'yan ƙasa ba ne, ciki har da Indiyawa kusan miliyan 1.9 da 'yan Filifin fiye da dubu 700. Daga waɗannan al'ummomi biyu ne akasarin mabiya ɗarikar Katolika na ƙasar suka fito, waɗanda ake ƙiyasta yawansu ya haura miliyan ɗaya, tare da 'yan Sirilanka da 'yan Labanan da 'yan Afirka daga Kenya da Uganda da Najeriya.

Duk da wannan yawa, babu ginin coci ko ɗaya da aka amince da shi a faɗin ƙasar, domin tsarin mulkin da aka kafa a 1992 ya ayyana Musulunci a matsayin addinin ƙasa, kuma ba a yarda da yin ibadar wani addini a bainar jama'a ba. Abin da hukumomi suka ce sun lamunta, musamman tun daga 2006, shi ne ibadar da mutum zai yi a cikin gidansa, sai dai iyakar da ke tsakanin ibadar gida da taron jama'a ba ta taɓa fitowa sarai a rubuce ba, kuma a watan Oktoba na 2010 an kama wasu 'yan Filifin tare da wani fada a wurin Misa, wato babbar ibadar Katolika, a Riyadh. An sami sauƙi bayan Afrilun 2016, lokacin da aka janye wa hukumar hisba ikon kama mutane, amma dokar da ta hana gina coci tana nan daram.

Wanda ya san ikilisiyar Katolika a Kano ko Zariya ko Maraɗi zai ɗauka cewa inda babu gini da ƙararrawa da gidan fada, babu ikilisiya ke nan. Dokokin cocin da aka sabunta a 1983 ba su ɗauki lamarin haka ba, domin a wurinsu ikilisiyar unguwa jama'a ce ta masu bi da aka kafa a tsaye ƙarƙashin kulawar makiyayi, gini kuwa abu ne da ke biyo baya. A tsarin mulkin coci, Saudiyya tana cikin yankin Arewacin Arabiya tare da Bahrain da Kuwait da Katar, yankin da aka tsara a haka a 2011, kuma Bishop Aldo Berardi, wanda aka naɗa a 2023 bayan rasuwar Bishop Camillo Ballin a 2020, yana zaune ne a Bahrain. Ma'aikacin Katolika da ke kwana a masaukin kamfani a Birnin Masana'antu na Biyu yana da bishop ke nan, yana kuma da kalandar ibada iri ɗaya da ta sauran 'yan ɗarikarsa a duniya; abin da ya rasa shi ne ƙofar da zai shiga ranar Lahadi. Mafi kusa da wannan hali a ƙasar Hausa shi ne ƙauyukan Maguzawa na wajen Malumfashi, waɗanda yanzu ke cikin sabon yankin bishop na Katsina da aka kafa a 2023 ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa, inda fada ba ya isa kowane ƙauye kowane mako, sai katekis, wato malamin da ba fada ba, ya ja addu'a ya karanta nassi. Bambancin shi ne can ana buga ganga, 'yan Zumuntar Mata suna rera waƙa har maƙwabta su ji, nan kuwa rage murya wani ɓangare ne na tsarin taron.

A cikin wannan hali ne ma'aikatan ke shiga Adbent, wato lokacin shirin zuwan Kirsimeti, kuma da shi ne shekarar ibada ta Katolika ke farawa. Yana kamawa daga Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, ya ƙunshi Lahadi huɗu, kuma a cikinsa fada kan sa tufafi masu launin shunayya, alamar tuba da shiri, a kuma dakatar da waƙar ɗaukaka da aka saba rerawa a farkon Misar Lahadi har sai daren Kirsimeti. Karatun lokacin yana fitowa ne galibi daga littafin Annabi Ishaya, da labarin Yohanna Mai Baftisma, sannan a mako na ƙarshe a koma ga labarin Maryamu da bisharar da mala'ika ya kawo mata. A coci ana ajiye zoben ganye mai kyandir huɗu, uku masu launin shunayya da ɗaya mai ruwan hoda, ana ƙara kunna ɗaya kowace Lahadi, mai ruwan hodar kuwa ta Lahadi ta uku ce, wadda aka keɓe don farin ciki saboda jiran ya kusa ƙarewa. Ranar 8 ga Disamba kuma babban idi ne na Maryamu da ya faɗo a tsakiyar lokacin.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan al'adu ba sa bukatar gini, shi ya sa Adbent ya fi wasu lokutan shekara sauƙin kiyayewa a ɗakin ma'aikata. Ɗakin da gadaje masu hawa biyu suka cinye rabinsa yana da wurin da za a ɗora ƙaramin tebur ko akwati, a jera kyandir huɗu, a jingina hoton Maryamu da ya fito daga cikin jaka, sannan mutum biyar ko takwas su zauna a bakin gado suna jan carbin Rosari, wanda ke da sashe biyar, kowanne da ƙwaya goma. Wanda ya fi iya karatu ya buɗe wayarsa ya karanta nassin ranar, wani ya kawo sunayen marasa lafiya da waɗanda albashinsu ya makara domin a sa su a addu'a, kuma idan an tashi a mayar da komai cikin jaka. Da yawa daga cikin masu jan irin wannan addu'a sun koyi aikin ne tun a gida, a ƙungiyoyin masu bi da ba fada ba, irin su El Shaddai ta Manila ko Jesus Youth ta Kerala a Indiya, waɗanda suka saba da taron ƙananan rukunoni. A watan Disamba sanyin Riyadh kan sauka ƙasa da digiri 10 da dare, don haka ɗaki a rufe da taga a rufe ba abu ba ne da zai ja hankalin kowa.

Abin da ba za a iya yi a irin wannan ɗaki ba shi ne Misa kanta. A koyarwar Katolika fada ne kaɗai ke keɓe gurasa da ruwan inabi, shi kaɗai ne kuma ke karɓar ikirari, wato furta zunubai domin neman gafara, wanda ake ƙarfafa kowane mai bi ya yi kafin Kirsimeti. Fada kuwa ba ya da izinin yin aikinsa a fili a Saudiyya, ga shi kuma ruwan inabin da Misa ke bukata yana cikin abin da dokar ƙasa ta haramta. Akan yi Misa jefi-jefi a harabar wasu ofisoshin jakadanci da wasu rukunonin gidaje masu katanga na manyan kamfanoni, amma isa can yana bukatar sanayya da abin hawa da lokacin hutu, abubuwa uku da mai aikin injin a bakin gari ba kasafai yake haɗa su ba. A nan ne rashin daidaito ya fi fitowa fili a cikin wannan jama'a, domin injiniya da ma'aikaciyar jinya suna iya samun Jibin Ubangiji, wato gurasar da fada ya keɓe a Misa, sau da yawa a shekara, lebura kuwa yana iya kammala kwangilar shekara biyu bai karɓa ba, sai ya dogara da abin da cocin ke kira tarayya ta ruhu, wato addu'ar marmarin karɓar Jibin ga wanda ba shi da halin isa gare shi.

Agogon masana'anta ne ke tsara sauran. Lahadi ranar aiki ce, hutun mako kuwa Juma'a ne, wanda aka haɗa da Asabar tun 2013 ga ofisoshin gwamnati, ko da yake masana'antu da yawa kwana shida suke aiki. Saboda haka cocin a ƙasashen yankin ta yarda a sauke farillar Lahadi ranar Juma'a, kuma kyandir ɗin da sauran duniya ke kunnawa ranar Lahadi, a nan sau da yawa ranar Juma'a ake kunna shi. 'Yan Filifin suna da al'adar Simbang Gabi, jerin Misa tara da ake yi da asuba daga 16 zuwa 24 ga Disamba, kuma wanda ya cika taran ba fashi yana ɗaukar hakan babban abu ne. Manila tana gaban Riyadh da awa biyar, don haka Misar ƙarfe huɗu na asuba da ake watsawa kai tsaye ta Facebook ko YouTube tana zuwa wa ma'aikaci da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, lokacin da mai aikin rana ya riga ya yi wanka ya ci abinci, mai aikin dare kuwa yana bakin injin. Sau da yawa matarsa da 'ya'yansa suna cikin cocin da yake kallo, kuma wannan ne dalilin da ya sa mutum kan zaɓi tashar cocin garinsu a kan ta babban cocin Manila.

Mutanen Kerala da ke bin tsarin ibadar Siro-Malabar suna da nasu salon, domin a wurinsu lokacin ana kiransa na Bishara, kuma ana azumin kwana 25 daga 1 ga Disamba, inda ake barin nama, wasu har da kifi da ƙwai. A masaukin da ake girki tare, wannan azumi kan shafi tukunyar kowa, kuma abokan ɗaki Musulmi, waɗanda su ma aka ga nasu azumin a Ramadan, ba sa bukatar dogon bayani kafin su gane abin da ake ciki. Zaman tare irin na leburori yana da nasa ladabi, wanda ba dokar ƙasa ce ta rubuta shi ba: mai sallah ya shimfiɗa darduma a rage surutu, mai Rosari ya rufe ƙofa a bar shi.

Ikilisiyar da aka saba gani tana cike da yara da tsofaffi da mata masu shirya biki, ta masaukin ma'aikata kuwa kusan duk maza ne masu shekarun aiki, saboda haka babu ajin koyar da yara, babu ɗaurin aure, baftisma kuma sai an koma gida hutu. Abin da ya rage na hidimar jama'a shi ne karo-karo domin wanda ya ji rauni a wurin aiki ko wanda aka yi wa rasuwa a gida, da taimakon bin takardu idan wani ya mutu, tun da yake gawar wanda ba Musulmi ba galibi ƙasarsu ake mayar da ita, aikin da kan ɗauki makonni. Ranar Juma'a da yamma jama'ar kan watsu zuwa unguwar Batha a tsakiyar Riyadh, inda ofisoshin aika kuɗi da kantunan abincin Asiya suke, domin Disamba ne watan da kuɗin da 'yan Filifin ke aikawa gida ya fi yawa, kuma a nan ake sayen garin shinkafa da madarar kwakwa na yin bibingka, wainar da a gida ake sayarwa a ƙofar coci bayan Misar asuba. A 'yan shekarun nan wasu kantunan Riyadh sun fara baje bishiyoyin ado da fitilun Kirsimeti a fili, abin da a da sai a ɓoye ake saye, sai dai wannan sauyi na kasuwa ne, kuma ranar 25 ga Disamba har yanzu ranar aiki ce kamar kowace.

Kiristanci ba baƙo ba ne a tarihin wannan yanki, domin kisan Kiristocin Najran da ke kudancin ƙasar a wajen shekara ta 523, ƙarƙashin jagoransu Haris, shi ne abin da malaman tafsiri da yawa suka danganta da mutanen rami da aka ambata a Suratul Buruj, kuma cocin yankin ta yi bikin cika shekara 1,500 da wannan lamari daga 2023 zuwa 2024. A fagen diflomasiyya, Sarki Abdullah ya ziyarci Fafaroma Benedict a 2007, Kadinal Jean-Louis Tauran kuma ya zo Riyadh a Afrilun 2018 ya gana da Sarki Salman, amma har yanzu babu cikakkiyar hulɗar jakadanci tsakanin Batikan da Saudiyya.

Ga wanda yake son shiga coci na gaske kafin Kirsimeti, hanya ita ce ta gabas: tafiyar kusan kilomita 400 zuwa Dammam, sannan gadar Sarki Fahd mai tsawon kilomita 25 zuwa Bahrain, inda babban cocin Maryamu Uwargijiyar Arabiya yake a Awali. An keɓe shi ne ranar 10 ga Disamba 2021, a tsakiyar Adbent, a filin da Sarki Hamad ya bayar kyauta, yana ɗaukar mutum 2,300, kuma Fafaroma Francis ya ziyarce shi a Nuwamban 2022. Tafiyar tana bukatar izinin fita da dawowa, da kuɗin mota da na biza da kan lashe wani kaso mai tsoka na albashin lebura. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya ba ma'aikatan kamfanoni damar neman wannan izini da kansu ta intanet ba sai da sa hannun uban gida ba, wanda ya haɗa da ma'aikatan masana'antu, amma bai shafi masu aikin gida da direbobin iyali da makiyaya da masu aikin gona ba.