Scania ko DAF: yadda ake zaɓen tirela a wasan kwamfuta na Euro Truck

Duk ɗan kasuwar da ke ɗora buhunan albasa ko wake a mota daga Ƙonni ko Maraɗi ya san DAF da MAN da Iveco da Marsandi. Waɗannan motoci, tare da Scania da Volvo da Renault, suna cikin waɗanda ake tuƙawa a wani wasan kwamfuta mai suna Euro Truck Simulator 2, wanda kamfanin SCS Software na birnin Prag a ƙasar Cek ya fitar a shekarar 2012. Mun ga ya dace mu leƙa wasan, domin lissafin da ke cikinsa na masu sufuri ne.

Mai wasa yana farawa a matsayin direban haya, yana jan motar wani har ya tara abin da zai tara. In ya ƙosa, ya ci bashin banki, da ruwa a kai. Sabon kan tirela mafi araha yakan kai wajen Yuro 100,000 na kuɗin wasa, wato sama da miliyan 65 na sefa. Daga ranar da ya mallaki mota, kuɗin mai da na gyara da na hanya da tarar 'yan sanda duk daga aljihunsa suke fita.

A nan ne sabon shiga ke yin ɓarna. Idonsa na kan Scania mai inji V8 da ƙarfin doki 730, ko Volvo FH16 mai doki 750. Motoci ne na kece raini, ba mu musa ba. To amma wasan yana zuwa da na'urar da ke tsayar da gudu a kilomita 90 cikin awa, sai dai in mutum ya kashe ta da kansa. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da lodin tan 20, mota mai doki 450 za ta isa kusan lokaci ɗaya da mai 730, ga kuɗin sayenta kaɗan. Babban inji bai nuna amfaninsa sai a hawan duwatsun Ostiriya da Siwizalan, ko in an ɗauko injinan gini masu nauyin tan 50 zuwa sama.

Abin da ya fi inji muhimmanci, a ganinmu, shi ne ƙafar mota. Kai mai taya shida, wanda suke rubutawa 4x2, ya fi araha, ya fi sauƙin juyawa a lungu, kuma tankinsa ya fi girma, don haka ba a yawan tsayawa shan mai. Mai taya goma, wato 6x4, layi biyu na baya ne ke jansa. Ya fi riƙe ƙasa da kaya mai nauyi, amma tankinsa ƙarami ne kuma yana son fili kafin ya juya. Akwai na tsakiya, 6x2, wanda a wasu samfurori ake ɗage layi ɗaya in babu lodi. Wanda ke da bashi a wuya ya sayi 4x2 na Iveco ko Renault ko DAF, ya biya banki tukuna, sannan ya yi marmarin Scania.

Sai dai kada yaro ya ƙware a wasa ya zo yana ba ubangidansa shawarar motar da zai saya. A cikin wasan, kowane gareji yana gyara kowace mota nan take, da danna maɓalli ɗaya. Babu jiran kayan gyara, babu ramin hanya, babu ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, babu kwana uku a bakin duwan. Motar ma ana iya sayenta sabuwa fil, alhali namu yawanci tsofaffin Turai ne da suka sauka ta tashoshin ruwa irin na Kwatano da Lome bayan sun ci dubban ɗaruruwan kilomita. Sababbin motocin Turai cike suke da kayan lantarki, sai an jona musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu. Shi ya sa mai mota a Gaya ko Jibiya yakan fara tambayar ko makanikin garinsu ya san injin, da ko ana samun kayansa a Kano, kafin ya tambayi yawan dokinta.