Ko Ka Sani? Gara da Zaɓen Dirkar Rumfa

Ko ka sani, ya mai karatu, cewa gara, wadda jama'a ke ɗauka 'yar'uwar tururuwa ce saboda kamar da suka yi wajen zaman taro da rabon aiki, a haƙiƙa dangin kyankyaso ce, kuma masana halittu sun ƙidaya jinsinta kimanin 3,000 a faɗin duniya? Zago, irin garar da ke gina suri a dazuzzukanmu, sarauniyarsa takan rayu fiye da shekara 10, tana zuba ƙwai dubbai a kowace rana ta Allah, alhali ma'aikatan da ke ciyar da ita makafi ne, masu taushin jiki, waɗanda busasshiyar iska kan halaka su cikin ɗan lokaci. Wannan rauni shi ne dalilin da ya sa gara ba ta tafiya a sarari, sai ta gina hanya da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta shiga itace ta cinye cikinsa ta bar bayansa lafiya lau. Malaman tafsiri ma sun bayyana cewa ita ce dabbar da ta ci sandar Annabi Sulaimanu, alaihis salam, kamar yadda ƙissar ta zo cikin Suratu Saba'i.

To, duk wanda ya yi niyyar kafa rumfar dabbobi ko ta ajiyar amfanin gona bisa dirkoki, wajibi ne ya san cewa itace ba ɗaya ba ne a bakin gara, domin farin sashen da ke ƙarƙashin ɓawo, wanda ruwan bishiya ke bi, shi ne abincinta, amma zuciyar itacen mai duhu, wadda ta tara sinadarai masu ɗaci da tauri, ba kasafai take kusantarta ba. Saboda haka ne magabata suka fifita ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, da marke, da kuma azarar tsohuwar giginya, suka guje wa rimi da kuka, waɗanda girmansu ba ya hana su ruɓewa da wuri. Ita azara, bayan giginyar ne mai baƙin zare ake tsagawa, a yar da cikin mai laushi, kuma da irinta Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19.

Sai dai ko itace ya kai ƙirya ƙarfi, akwai wurin da ajalinsa ke fara zuwa, wato daidai inda dirka ta haɗu da fuskar ƙasa, saboda nan ne danshi da iska ke taruwa, ruɓa ta tausasa itacen, gara kuma ta samu ƙofa. Manoman Amurka, da suka yawaita irin wannan gini tun wajen 1930, tsofaffin turakun waya suka riƙa amfani da su, waɗanda aka riga aka dafa da man kwalta har ya ratsa su. Mu kuwa a nan, hikimar ita ce a sare itace da rani, a ɓare shi, a bari ya bushe sarai, a babbake gindinsa ko a shafe shi da kwalta har ya ɗara fuskar ƙasa da kamu ɗaya, sa'an nan a zuba tsakuwa a ramin domin kada ruwa ya kwanta. Bayan an gama gini kuwa, ya kamata mai rumfa ya riƙa zagayawa da damina, in ya ga jan zanen ƙasa ya fara hawa dirka, ya kankare shi nan take, ya ƙwanƙwasa itacen ya ji ko cikinsa ya zama holoƙo.