Sauƙaƙa Raɗaɗi Ma Magani Ne: Mofin Da Masu Doguwar Jinya

Kulawar sauƙaƙa raɗaɗi wani reshe ne na aikin likita da ke duba yadda mai tsananin ciwo yake kwana da yadda yake wuni: ko yana samun barci, ko abinci na shiga, ko hankalinsa a kwance yake. Masu ciwon daji da ya yi nisa, da masu ciwon ƙoda ko na zuciya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, su suka fi buƙatarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, amma kashi 14 cikin ɗari kacal ke samu.

Tushen fannin yana komawa ga Cicely Saunders, wata likita 'yar Ingila da ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Ita ta nuna cewa ciwo ba a jiki kaɗai yake tsayawa ba. Akwai zogin jiki, akwai fargaba, akwai tunanin iyali da bashin magani, akwai kuma abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Kowanne yana rura wutar ɗan'uwansa. Magidancin da ke kwance yana lissafin kuɗin makarantar yara ya fi jin zafin ciwo, kuma wanda zafi ya hana shi runtsawa ba ya iya kawar da tunani.

A ƙasar Hausa zafin ciwo yakan ɓuya a bayan dauriya. Masu dubiya su cika ɗaki, a jera kwanonin abinci da ledar lemo a gindin gado, a ce "ya jiki?" Majiyyaci ya cije leɓe ya ce "da sauƙi," ko da kuwa daren jiya bai ga barci ba. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke sa majiyyaci ya auna zafin da bakinsa, daga sifili zuwa goma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Babban abin da ke hana ruwa gudu shi ne tsoron mofin, wani maganin zafi mai ƙarfi. Tun bayan da gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, ga kuma ta'asar tiramadol a tsakanin matasa, jama'a suka yi wa duk wani maganin zafi mai ƙarfi kuɗin goro. Da likita ya ambaci mofin sai dangi su kasu biyu: masu cewa za a mayar da tsoho ɗan ƙwaya, da masu cewa likita ya sallame shi ke nan. Duka biyun kuskure ne. Wutar da ke murhu tana dafa tuwo, ita ce mai cinye danni idan aka sake ta. Laifin na saki ne. Mofin ɗin asibiti auna shi ake yi kamar gishiri a miya, a fara da kaɗan, a ba da shi kan lokaci, galibi duk awa huɗu, a ƙara ko a rage gwargwadon zafin. Jiran sai ciwo ya taso kafin a ba da magani tamkar haƙa rijiya ne bayan gobara ta kama. Illar da aka fi gani ita ce taurin bayan gida, sai tashin zuciya da gyangyaɗi a kwanakin farko, kuma duk akwai maganinsu. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin zafin ciwon daji, daga irin su farasitamol har zuwa mofin.

Batun sallama kuwa, bincike ya ƙaryata shi. A 2010 likitoci a babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka sun wallafa sakamakon bibiyar mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya yaɗu. Waɗanda aka haɗa musu kulawar sauƙaƙa raɗaɗi da maganin daji tun farko sun fi jin daɗin rayuwa, ciwon damuwa ya ragu a cikinsu, sun kuma rayu kimanin wata 11.6, alhali sauran wata 8.9 suka yi.

Talauci ma ba hujja ba ne. A Yuganda, Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a 1993, ta kawo mofin na ruwa mai araha da ake sha a gida, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo izinin rubuta shi. A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan kulawa a 2007, amma har yanzu majiyyacin ƙauye sai ya yi doguwar tafiya kafin ya samu abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Hukumomi sun fi ƙwazo wajen kama ƙwaya a kan wadata asibiti da maganin zafi.

Ciwon da ba ya warkewa yana da sauƙin da za a iya nema masa. Haƙƙin majiyyaci ne a tambaye shi inda ke masa ciwo, a gaskata shi, a ba shi abin da zai sa ya yi barci, ya yi salla, ya gana da iyalinsa cikin hayyacinsa.