Tirifenilbismut: ma'anar sunansa, halayensa da amfaninsa

1. Gabatarwa

Cikin aikin samar da kalmomin kimiyya da Hausa, mun lura cewa sunan sinadari bayani ne dunƙulalle: wanda ya iya rarraba shi ya fara sanin abin da ake zance. Za mu nuna haka da sinadari guda, tirifenilbismut, na dangin da ake kira organobismut.

2. Ƙirar suna

Sunan yana da gaɓoɓin ma'ana uku. "Tiri" na nufin uku. "Fenil" zobe ne mai atom 6 na karbon da atom 5 na idrojen. "Bismut" kuwa ma'adini ne mai nauyi, mai lamba 83 a jadawalin sinadarai, dab da dalma mai lamba 82. Ke nan atom guda na bismut ne ke riƙe da zobba uku, abin da ake rubutawa Bi(C6H5)3.

Gaɓar "organo" tana buƙatar kula. A nan ba ta nufin abu mai rai, ko abin da ya fito daga tsiro. Tana nufin cewa bismut yana ɗaure da karbon kai tsaye. Don haka maganin ciki na Pepto-Bismol ba ya cikin wannan dangi, ko da yake yana da bismut da karbon, saboda oksijen ne ke tsakaninsu.

3. Halaye

Ɗaurin da ke tsakanin bismut da karbon rarrauna ne, kuma wannan rauni shi ne mabuɗin zancen duka. Na farko a dangin, tirietilbismut, wanda Löwig da Schweizer suka haɗa a 1850, yana kama wuta da kansa in ya sha iska. Tirifenilbismut, da Michaelis da Polis suka samar a 1887, ya bambanta da shi: fararen ƙwayoyi ne kamar gishiri, iska ba ta ɓata su, suna narkewa wajen digiri 78 na zafi. Ba ya narkewa cikin ruwa, amma yana narkewa cikin kulorofom. A yau ana haɗa shi daga kulorid na bismut, ta hanyar da Bafaranshe Victor Grignard ya gano.

4. Amfani

Amfani na farko daga raunin ɗaurin ya fito. Tunda bismut bai riƙe zobbansa da ƙarfi ba, yana iya miƙa su ga wani sinadari. Derek Barton, da ya samu kyautar Nobel a 1969, ya bunƙasa wannan dabara a Gif-sur-Yvette, ƙasar Faransa, cikin shekarun 1980, da sinadaran da aka samo daga tirifenilbismut. A 2020 ƙungiyar Josep Cornella a Jamus ta nuna cewa organobismut na iya karɓa yana miƙawa sau da yawa a jere, aikin da aka saba ba ma'adinai masu tsada irin su faladiyom.

Na biyu, ana zuba shi kaɗan don ya hanzarta daskarewar robar da ke haɗe sandararren man roka.

Na uku daga nauyin bismut ne, wanda ke tare hasken radiyo na asibiti. An gwada sa shi cikin robar aikin haƙori da ta liƙa ƙashi, domin likita ya gan su a hoto.

5. Kammalawa

Sau da yawa ana cewa bismut ba shi da dafi sosai in an kwatanta shi da dalma. Gaskiya ne, amma da iyaka. Cikin shekarun 1970, ɗaruruwan mutane a Faransa sun kamu da ciwon ƙwaƙwalwa saboda daɗewa suna shan gishirin bismut da yawa a matsayin magani. Kowane sinadari da halinsa, ko da dangi ɗaya ne. Shi ya sa muke ba da shawarar a riƙe gaɓoɓin sunan cikin rubutun Hausa, a bayyana kowace. Mai fassarar da ya taƙaita su duka da "maganin bismut" ya haɗa mai kama wuta da na sha cikin kalma guda.