Kafin Rijiya Ta Rufta Da Mai Haƙa

Da kaka ta wuce, tafkuna suka fara ƙafewa, sai kasuwar masu haƙar rijiya ta buɗe a ƙasar Gummi. Wannan na son ta tsakar gida, wancan na son ta lambu a fadamar Gulbin Zamfara. Ruwa ba ya nisa a fadama, shi ya sa ake raina aikin. Sai dai irin ƙasar nan mai saurin ba da ruwa ita ce mai saurin zabtarewa.

A sama laka ce, mai riƙe kanta. Ana nutsawa ƙasa sai a tarar da yashi, kuma yashi mai ɗan danshi mayaudari ne: zai tsaya cak kamar an yaɓe shi. Ranar da aka taɓo idon ruwa, ana murna ana kwarfewa, ruwan da ke tsattsafowa yana janyo yashin daga gefe. A hankali sai kogo ya buɗe a bayan bango, lakar sama ta rasa abin da za ta zauna a kai. Ƙasar da ta kai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi nauyinta ya kusa buhun siminti 30. Ko iya ƙirji ta binne mutum, duk numfashin da ya fitar sai ta ƙara matse shi.

Rijiya takan yi gargaɗi. Yashi zai riƙa zubowa kamar gari daga rariya, bango ya yi ciki, bakin rami ya tsage, ko ruwan da ke fitowa garau ya gurɓace nan take. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya bar diga da shebur ya hau igiya. A ɗaura masa igiya a jiki tun kafin ya sauka, kuma mai tsaron baki kada ya gusa ko nan da can.

Maganin kuwa sananne ne, kuɗinsa ake gudu. Da an isa yashi a sauke zoben kankare, a ci gaba da haƙa daga cikinsa, yana nutsewa ana ɗora wani a kai. Sau da yawa maigida ne ke cewa, “Malam, bari dai mu ga ruwa tukuna, sai a sa zoben.” Garin neman gira ke nan a rasa ido. A Amurka doka ta hana ma'aikaci shiga ramin da ya kai ƙafa 5 ba tare da an kare bangonsa ba, in ba cikin dutse aka haƙa ba. Mu kuwa sai mutum ya nutse gaba biyar bango tsirara. Ƙasar da aka fitar ma a tara ta nesa da baki, kada nauyinta ya danne bangon.

Tsohuwar rijiya ma abin tsoro ce. Bayan ambaliyar watan Agusta na 2024 da ta rushe gidaje masu yawa a garin Gummi, duk rijiyar da ruwa ya shanye sai an duba bangonta da kyau kafin a tura yaro yasa. Injin janyo ruwa kuma a bar shi a waje, nesa da baki, domin hayaƙinsa na kisa a cikin rami tun mutum bai farga ba.

In ƙaddara ta faɗa, gaggawar 'yan uwa ce kan mayar da gawa ɗaya ta zama biyu. Kada kowa ya dira. A kori taron jama'a daga baki, a tura a kira 'yan kwana-kwana, a tokare bango da katako kafin mai ceto ya sauka da igiya a jikinsa. A tona da hannu da kwano, a fara buɗe fuska da ƙirji, kuma kada a fizgo wanda ƙasa ke riƙe da shi. A watan Fabrairu na 2022, da wani yaro ɗan shekara 5 ya faɗa rijiya mai zurfin mita 32 a ƙauyen Ighran na Maroko, masu ceto daga gefe suka haƙo rami, a hankali, don tsoron ruftawa. Sun isa gare shi a rana ta biyar, rai ya yi halinsa.

Wanda aka ciro da rai, ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau, a wuce da shi babban asibitin Gummi. Naman jikin da ƙasa ta daɗe tana dannewa yakan saki guba a jini, ta taɓa ƙoda bayan awanni, kuma alamar farko ita ce fitsari ya ragu ya yi duhu.