Ina Ruwan Wanki Ya Ke Tafiya?

Mu da ke zaune a Malali mukan ga masu wanki sun shanya tufafi a bakin Kogin Kaduna. Da hunturu kafin azahar sun bushe, amma a watan Agusta sai su yini da danshi. To, ina ruwan ya ke tafiya?

Shi ruwa tarin ƙwayoyi ne ƙanana ainun, kullum suna motsi. Na bisa su ke kuɓucewa ɗaya ɗaya su shiga iska, kowace da ɗan zafinta. Busasshiyar iskar hunturu takan kwashe su maza, ta damina kuwa ta riga ta ƙoshi. Don haka ne ma ruwan randa ya fi na kwano sanyi, gama randa tana tsattsafo.

Tafasa dabam ce: tururi na tasowa tun daga gindin tukunya. A Ikko, bakin teku, sai zafi ya kai digiri 100. Nan Kaduna kuwa, tudun wajen mita 600, nauyin iska ya ragu, yakan tafasa wajen 98. In ya tafasa, iza wuta ba ta ƙara masa zafi, itace kaɗai ke ƙarewa. Mun gaya wa mai dafa mana wake, bai yarda ba tukuna.