Kilip ɗaya, fassara uku: darasin waƙar ClassiQ da Rahama Sadau

Gundumomin Magariya da Dungas suna jingine da iyakar Najeriya, kuma abin da ya fito a Kano ba ya daɗewa bai iso ba. A da kaset ne ke biyo motocin kasuwar Maigatari da Babura; yau waƙa da hotonta cikin salula suke tsallako iyaka, ba tare da sun tsaya gaban duwan ba. Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su ke sayen salular, ƴaƴansu kuma su ke kallo. Don haka yana da amfani su san yadda masana ke karanta irin waɗannan hotuna.

A shekarar 2016 mawaƙin nan ClassiQ ya fitar da kilip na waƙarsa mai suna «I Love You». A ciki, ƴar wasan fim Rahama Sadau, haifaffiyar Kaduna, ta fito a matsayin mai sayar da kayan lambu a kasuwa. Saurayi ya nuna yana son ta, ta ƙi, daga baya ta amince, har aka ga sun riƙe hannu sun rungumi juna. Cikin watan Oktoba na wannan shekara, ƙungiyar masu shirya finafinan Hausa, MOPPAN, ta kore ta daga sana'ar. Ita kuma ta fito ta nemi gafarar waɗanda abin ya ɓata wa rai.

Me ya sa ƴan daƙiƙoƙi na hoto suka jawo wannan hukunci? Stuart Hall, masani haifaffen Jamaika da ya koyar a Birmingham ta Ingila, ya bayyana a 1973 cewa mai shirya hoto yana ƙulla saƙo, amma mai kallo shi ke kwance ƙullin, kuma ba lalle ya kwance shi yadda aka so ba. Ya kasa masu kallo gida uku. Na farko ya karɓi saƙon yadda aka nufa: labarin soyayya ne kawai. Na biyu ya ɗauki wani ya bar wani: kiɗan ya yi masa daɗi, rungumar ce ta yi masa nauyi. Na uku ya yi watsi da shi ɗungum, yana ganin cin zarafin tarbiyya ne. Dukansu ukun ana iya samunsu a rumfa ɗaya ta kasuwar Magariya, kai har a gida ɗaya.

Sai dai akwai abin lura. Hausawa sun shekara da shekaru suna kallon finafinan Indiya, inda mace da namiji ke rawa suna riƙe juna. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna a 1997 cewa masu kallo sun so waɗannan finafinai ne domin sun ga auren dole, kunya da biyayyar iyaye irin nasu a ciki, alhali masu wasan baƙi ne. Ashe ba rungumar kaɗai aka hukunta ba. Abin da ido ya jure daga Ba'indiya, bai jure shi daga ƴar gida ba, musamman a sana'ar da tun bayan kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001 aka tsananta hana taɓa juna tsakanin mace da namiji.

Wata masaniya ƴar Ingila, Laura Mulvey, ta rubuta a 1975 cewa kyamara ta saba mayar da mace abin kallo, namiji kuma mai kallo. A nan ma haka ta kasance: waƙar ta namiji ce, sunansa ke kanta, amma idanu a kan macen suka tsaya, kuma ita ce ta rasa wurin neman abincinta.

Ba a iya rufe iyaka a hana hoto shigowa. Abin da magidanci zai iya shi ne ya zauna da ƴaƴansa ya tambaye su: wa ya shirya wannan, wa yake so ya kalla, kuma wa zai biya bashin in rigima ta tashi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya zuri'a.